Das Model da Big in Japan: wacce aka fara yi, kuma kwamfuta ce ta kaɗa su?

Ɗan uwa da ka yi tambaya jiya da daddare a kan waƙoƙin Jamusawan nan biyu, Das Model ta Kraftwerk da Big in Japan ta Alphaville, wai wacce ta girmi wata kuma da gaske ne duk kwamfuta ce ta yi kiɗan, toh ga abin da na sani, ka yi haƙuri zai ɗan yi tsawo.

Das Model ce babba, da wajen shekara shida ma. Ta fito a 1978 cikin kundin Die Mensch-Maschine, ita kuwa Big in Japan sai a watan Janairun 1984. Dukkansu daga Jamus ta Yamma ne, lokacin ba a rushe katangar Balin ba, Kraftwerk 'yan Dusseldorf ne su kuma Alphaville daga Munster suka taso.

Maganar kwamfuta kuma, a'a, ba irin wadda kake nufi ba ta situdiyon yanzu da za ka zauna gaban allo kana jera sauti da linzami. A 1978 sintesaiza ce, wato na'urar kiɗa ta lantarki, ta wayoyi da maɓallan murɗawa irin su Minimoog, sai wata na'ura mai maimaita jerin sauti da kanta, sai gangunan lantarki da su Kraftwerk ɗin suka haɗa wa kansu, a naɗa a tef. MIDI ɗin da fiyanonka ke magana da kwamfuta da shi sai 1983 ya shigo kasuwa, kaga kenan Das Model ta riga shi da shekara biyar.

Inda suka fi bambanta a wajena shine waye ke riƙe da akalar aikin. Kraftwerk situdiyonsu ne na kansu, Kling Klang, Ralf Hütter da Florian Schneider sun kafa ƙungiyar tun 1970 kuma kafin Das Model sun riga sun yi suna da Autobahn a 1974, ba wani furodusan kamfani da zai zo ya tsaya musu a ka ya ce a ƙara kaza a rage kaza. Hütter da Karl Bartos suka yi kiɗan, Emil Schult ya sa hannu a baitukan. Su kuwa Alphaville, Marian Gold da Bernhard Lloyd da Frank Mertens, sababbin shiga ne, Big in Japan ita ce waƙarsu ta farko da aka fitar, ba wasu gogaggun makaɗa ba ne, na'ura ce ta rufa musu asiri suka iya fitar da abin da ke kansu, sannan kamfanin WEA ya ɗauke su aka haɗa su da furodusoshi irin su Colin Pearson da Wolfgang Loos aka gyara ta ta yi sheƙi. Kunne ma zai gaya maka. Das Model a bushe take, layin kiɗa ɗaya ne ke ta dawowa, murya a kwance ba hawa ba sauka. Big in Japan a cike take dam, ga ƙarar nan mai kama da ta gabashin Asiya a farko, ga Gold yana jan murya sama a amshi.

Amma fa labarin fitarwar ne ya fi burge ni, don nan abin ya juye. Su Kraftwerk da ke da iko da komai a situdiyo ba su suka zaɓi ranar nasararsu ba. Das Model ta fito a faifai a Jamus a 1978 ba ta yi wani tashe ba. Sai a 1981 aka fitar da wata waƙarsu, Computer Love, a Ingila aka liƙa ta Turancin, The Model, a bayan faifan, wato gefen da ake cike gurbi da shi. Masu saka waƙa a rediyo da gidajen rawa suka riƙa juya faifan suna saka bayan, kamfanin EMI da ya ga haka sai ya sake fitarwa da ita a gaba, a watan Fabrairun 1982 ta hau lamba ɗaya a Birtaniya. Waƙar da ta haura shekara uku a ajiye fa! Big in Japan ba ta sha wannan jiran ba, tana fita ta kama, lamba ɗaya a Jamus ta Yamma da Siwizalan da Suwidin, ta takwas a Birtaniya, a Amurka kuma ta hau saman jerin waƙoƙin gidajen rawa. Kafin shekarar ta ƙare kundinsu Forever Young ya biyo baya.

Harshe ma akwai abin lura. Kraftwerk sukan yi biyu ne, ta Jamusanci don gida ta Turanci don waje. Alphaville da Turanci suka fara kai tsaye, alhali a lokacin yayin waƙa da Jamusanci ake, shekara guda kafin nan Nena ta Jamus ta fitar da 99 Luftballons, waƙar Jamusanci da ta girgiza duniya.

Sai ma'ana, don na ga kamar ka ɗauka Big in Japan yabon ƙasar Japan ce. Ko kusa. Kalmar ana faɗinta ne ga mawaƙin da ba a san shi a gida ba amma yana cewa ai can nesa shi babba ne, akwai ma wata ƙungiya a Libaful mai wannan sunan. Gold ya bayyana cewa labarin wasu masoya ne da hodar heroin ta kama suna fafutukar rabuwa da ita, irin rayuwar da ya gani a kusa da tashar jirgin ƙasa ta Zoo a Balin ƙarshen shekarun 1970. Wallahi tun da na san haka ban ƙara jin ta a matsayin waƙar rawa kawai ba, akwai ciwo a ƙarƙashin kiɗan. Das Model ba ta da wannan nauyin, wata mai tallan kaya ce da kyamara ke bi, mai waƙar yana kallon ta daga nesa.

Tunda ka ce fiyano kake koyo, ni Das Model zan ce ka fara zama da ita. Layin nata ba wuya, da hannu ɗaya za ka kama shi cikin yini, amma za ka koyi barin fili a cikin kiɗa, abin da yawancinmu ba ma yi, mun saba mu cika kowane lungu da sauti. Big in Japan ka bar ta sai ka fara aikin ɗora murya, ka saurari yadda aka danne baiti aka saki amshi. Kuma in ka samu dama ka nemi Das Model ta Jamusancin, ba ta Turancin ba, muryar Hütter ta fi zama daidai a cikinta.