Wata huɗu da siwic mai tantance duk wanda ya soka waya

Ina da ɗan shagon koyar da kwamfuta a wani ƙauye tsakanin Birnin Kudu da Gwaram. Kwamfutoci 12 ne da firinta ɗaya, duk suna samun intanet daga rauta guda, wato na'urar raba intanet, mai ɗauke da layin waya. Data muke saya da kuɗinmu, kuma kowane gigabait sai ka ji fitarsa a aljihu.

Na daɗe da sa wa Wi-Fi kalmar sirri. Amma samari sun gano cewa in ka zare wayar intanet da ke bayan kwamfuta ka soka a laftof ɗinka, shi ke nan ka hau. Datar da na saya don wata guda sai ta ƙare tun ba a raba wata ba. Abin da ya fi ci min rai shi ne yaran nan ba baƙi ba ne, 'ya'yan maƙwabta ne, sahu ɗaya muke tsayawa da iyayensu a masallaci. Ba na son in tsaya a kan ɗan mutum ina tuhumarsa, gobe kuma mu haɗu da mahaifinsa a wurin ɗaurin aure.

Ɗan yayata da ya karanta kwamfuta ne ya ce min, "Kawu, ka daina gadi da ido, ka bar ramin da ake soka wayar ya riƙa tambaya da kansa." Muka shiga Kano, a titin Beirut na sayi siwic na hannu mai ramuka 24, irin wanda ake shiga cikinsa a saita. Siwic shi ne akwatin da wayoyin kwamfutoci ke haɗuwa a cikinsa kafin su kai ga rauta. Sharaɗina ɗaya ne: ya zama yana da 802.1X, tsarin tantancewa da ƙungiyar injiniyoyi ta IEEE ta fitar tun 2001.

Aikinsa kamar zaure ne. Kwamfuta ta yi sallama, siwic ya tsayar da ita a ƙofa ya kai sunanta da kalmar sirrinta ga maigida, wato sabar RADIUS, kwamfutar da ke riƙe da sunayen waɗanda aka yarda su shiga. Kafin amsa ta dawo, ramin ba ya wucewa da komai sai saƙonnin tantancewa da ake kira EAPOL. Da zarar an zare waya kuma, ƙofar ta sake rufewa, wanda ya soka tasa sai ya yi sabuwar sallama.

Saita siwic ɗin kansa bai kai awa guda ba. Mun ɗora manhajar FreeRADIUS a wata tsohuwar kwamfuta mai Ubuntu don ta zama sabar, muka ba siwic adireshinta da lambar ƙofar da take sauraro, 1812, da kalmar sirrin da su biyun za su riƙe tare, muka kunna tsarin, sannan muka bi ramukan ɗalibai ɗaya bayan ɗaya. Ramin rauta da na sabar da wanda kake zaune kana saitin, waɗannan ka bar su a buɗe. In ka manta, za ka kulle kanka a waje.

Kwamfutocin ne suka cinye mana yini. A Windows sai ka tayar da ɓangaren da ke yin sallamar, wato Wired AutoConfig, ka sa shi ya riƙa tashi da kansa, kafin shafin tantancewa ya ma bayyana a saitin katin sadarwar kwamfutar. Kowace na'ura muka ba ta sunanta, muka adana kalmar sirri a ciki yadda ɗalibi ba ya buƙatar saninta. Firinta ba ta iya sallama, sai muka shigar da ita da lambar MAC ɗinta, wato lambar shaidar da kowace na'ura ke zuwa da ita. Wannan hanya ba ta da ƙarfi sosai don ana iya kwaikwayon lambar, shi ya sa na mayar da firintar kusa da teburina.

Akwai wani zaɓi da nake roƙon duk mai wannan aiki ya duba da kyau. Siwic ɗin yana tambaya ko rami zai tantance ko kowace na'ura. In ka zaɓi rami, da zarar kwamfuta ɗaya ta wuce, duk wanda ya rataya ƙaramin siwic a wannan wayar zai bi bayanta ya shige. Mun gwada da hannunmu, haka ya faru. Sai muka koma tantance kowace na'ura da lambarta.

Inda na sha wahala shi ne wuta. In an ɗauke muka koma janareto, siwic yana riga sabar tashi, kwamfutoci su yi ta sallama babu mai amsawa, ɗalibai suna zaune suna kallona. Sai da na ɗora sabar da siwic a kan inbatar sola kafin na samu kwanciyar hankali. Sannan kwamfutoci uku sun ƙi shiga kwata-kwata. Ashe ƙaramin batirin agogonsu ne ya mutu, kwanan wata ya koma shekarun baya, suka ƙi yarda da satifiket ɗin sabar, wato shaidarta mai ɗauke da kwanan wata. Sabon batir ya warware. Fankar siwic ɗin ma tana da ƙara, kuma tana jan ƙura sosai, da hunturu duk mako sai na hure ta.

Mai kwamfuta uku ko huɗu a ɗaki ɗaya, ban ga dalilin ya ɗora wa kansa wannan ɗawainiya ba. Amma mai shago kamar nawa, ko makaranta, ko asibitin karkara da wayoyi ke bin bango zuwa ɗakunan da ido ba ya kaiwa, kuɗinsa ba zai tafi a banza ba, muddin yana da wutar da za ta riƙe sabar.

Tun da muka gama, data tana kai ni ƙarshen wata. Kwanakin baya ɗaya daga cikin yaran ya same ni bayan la'asar, ya gaishe ni ya ce, "Malam, ina da aikin makaranta, ko za a ba ni dama?" Na buɗe masa suna nasa na kansa, na nuna masa rami na 20, kuma har yau a nan yake zama.