Script Mod Phase ko Pebble Phaser a Helix?

A Line 6 Helix, na'urar sarrafa sautin jita, akwai phaser (mai sa sauti ya riƙa lilo) kamar waɗannan biyu: Script Mod Phase yana kwaikwayon na'urar MXR Phase 90, Pebble Phaser kuma Small Stone na Electro-Harmonix. Kowanne matakai 4 gare shi, masu haƙa ramuka 2 a sautin jita, wato wuraren da wani ɓangaren sautin ke dusashewa; kai-komon ramukan ne ke kawo lilon.

Script ya fi taushi. Sa shi kafin amfilifaya, Mix (ma'aunin haɗa asalin sautin da wanda aka sarrafa) a 50%, gudun lilon a hankali. In ka kai Mix 100%, asalin sautin zai fita, ramukan su ɓace, sai rawar murya ta rage.

Pebble ya fi kauri. Kunna maɓallinsa na Color na mayar da sautin da ya fito cikin da'irar na'urar, lilon ya ƙara zurfi. Da sauti mai tsabta ya dace. Bayan amfilifaya mai kaushi kuwa yakan yi gurnani kamar jirgin sama. In kiɗan mai kaushi ne, Script zan zaɓa.