Yaya, ga amsar jerin kayan aikin da ka aiko

Assalamu alaikum Yaya. Ina fata kana lafiya, da su Umma, da iyali, da yaran gareji baki ɗaya. Na ga hoton takardar da ka turo ta WhatsApp, kaya goma sha bakwai ka lissafa, kuma na lura duk abin da ke amfani da wuta ka ja masa layi biyu a ƙasa. To, waɗannan masu layi biyun su ne ba zan aiko ba, kuma kafin ka ce ƙaninka ya shiga Amurka ya koyi rowa, bari in ba ka labarin yadda abin yake a nan Kolombos ta jihar Ohayo.

Ka tuna injin huda ƙarfe mai batir da na ba wani ɗan unguwa ya kai maka bara, wanda cajarsa ta yi hayaƙi ranar farko? Laifina ne. Wutar gidajen Amurka bolt 120 ce, tamu ta gida kuwa 230, kuma yawancin cajojin da ake sayarwa a nan wutar nan kaɗai suka sani. Haka injin gurza ƙarfe, haka kwamfuresa. Kana iya haɗa su da taransifoma mai rage wuta, amma na san garejinmu: wata rana kana masallaci yaro zai soka filogin kai tsaye a janareta, shi ke nan an gama. Abin wuta ka saye shi a can gida, wanda aka yi don wutarmu, ko da na Cana ne.

Abin da ya fi ba ni mamaki da na zo shi ne ƙarfe arha ne, hannun mutum ne ke da tsada. Gareji a nan da awa ake lissafin kuɗin aiki, kuma awa guda ta haura dala 100. Ba ma agogon bango ake dubawa ba, akwai littafin da ya ƙayyade cewa aiki kaza awa kaza yake ci, ko bakanike ya gama a rabin lokacin sai ka biya cikakke. Na kai Camry ɗina wani wuri saboda birki na ƙara, da suka miƙo mini takardar kuɗi sai na ga kuɗin hannu ya ninka na kayan. Na yi godiya na fito. Wanda ya yi shekara shida yana wanke noti da fetur a ƙarƙashin bishiyar darbejiyarka ba zai biya wannan ba. Wannan tsadar ce ta sa mutane da yawa suka mai da garejin gidansu wurin aiki. Gidan da nake haya yana da nasa, ɗan ɗaki mai cin mota guda, da ƙofar da ke naɗewa sama. Da nake zaune a bene na haya kuwa, ko bakin mai an hana mu canzawa a wurin ajiye motoci, yana rubuce a takardar haya.

Ranar da na fara aikin birkin na sha faɗa. Na ɗaga motar da ɗan jak ɗin da ke zuwa a but, na cire taya, na tura kaina ciki ina leƙen bututun birki. Maƙwabcina wani dattijo ne da ya yi ritaya daga masana'antar Honda ta Marysville, nan kusa da mu. Ko sallama bai yi ba, ya tsaya a kaina ya ce in fito. Na fito ina murmushi, shi fuskarsa ba alamar wasa. Ya koma gidansa ya dawo da wasu ƙafafun ƙarfe guda biyu masu kama da murhu, kowace da sanda mai haƙora da ake ɗagawa a kulle. Ya tokare motar da su, ya sa katako a bayan tayar baya, ya kwantar da tayar da na cire a ƙarƙashin bodi, sannan ya dafa motar ya girgiza ta da ƙarfinsa. Da ya ga ba ta motsa ba ya ce yanzu in shiga. A cewarsa jak aikinsa ɗagawa ne, riƙewa aikin ƙafafun ne, domin jak mai mai duk ƙarfinsa wata 'yar roba ce ke tsare da shi. Ina jin haka sai na tuna bulo da kututture da tsohon rim da muke cusawa, da ranar da Golf ta zame a garejin maƙwabtanmu Allah ya tsare yaron nan da karayar hannu kawai. Ƙafafun nan ba sai na aiko ba, nauyi gare su. Zan turo maka hoto da awonsu, mai walda na Kofar Ruwa zai ƙera, amma ka tsaya a kansa ya sa ƙarfe mai kauri, kada ya yi maka da fayif ɗin gado.

Dattijon nan ne ya nuna mini sifana mai awo. Doguwa ce, a hannunta akwai lambobi, kana murɗawa ka saita ƙarfin da kake so, idan ɗaurin ya kai sai ka ji ta ce ƙas, ka tsaya. Notin tayar Camry ɗina awonsa 103 ne a ma'aunin da Toyota ke rubutawa da Nm, 76 a ma'aunin Amurkawa. Da na ɗaura da ita na ji ta yi ƙara tun ban fara nishi ba, sai na ce masa ai wannan bai ɗauru ba. Ya yi dariya. Yaya, mu da muke zura fayif a wilsifana yaro ya hau ya yi tsalle, ashe ninkin abin da ake buƙata muke yi, shi ya sa kusoshin taya ke tsinkewa, mai mota kuma in ya yi faci a hanyar Zariya ya rasa yadda zai kwance. Inda ta fi amfani shi ne kan inji. Sau nawa muka sa gasket sabo, bayan wata biyu mota ta dawo tana haɗa ruwa da mai, muka ce gasket ɗin jabu ne? Wani lokacin jabun ne. Wani lokacin kuma noti ɗaya ya sha ɗauri, na kusa da shi bai sha ba. Hannunka ya fi na kowa sanin ɗauri, ban musa ba, amma yaranka ba su da hannunka. Wannan na saya maka guda biyu, babba da ƙarama, kowace ba ta kai dala 30 ba a Harbor Freight, shagon da talaka ke sayen kayan aiki a nan.

Kayan aiki a nan hawa-hawa ne. Akwai na wannan shagon, masu arha. Akwai irin su Craftsman, da aka san su da cewa in sifana ta karye ka mayar a ba ka wata. Sannan akwai Snap-on, wanda motarsu ke zagaya garejoji duk mako tana ba makanikai bashi suna biya kaɗan-kaɗan kamar adashi, domin a nan bakanike da kayansa yake zuwa aiki, ba na maigida ba. Na taɓa riƙe tasu, ta yi daɗin hannu, amma kuɗin akwati guda ya sayi fili a Rijiyar Zaki. Akwai kuma tsarin da na so a ce 'yan kasuwarmu sun gani: shagunan kayan gyara irin AutoZone da O'Reilly suna ba da aron kayan da mutum ba ya buƙata kullum, kamar abin matse sifirin na shokazoba ko abin zaro boris. Ka ajiye kuɗin abin, ka je ka yi aiki, ka dawo da shi a mayar maka da kuɗinka cif. Ba wanda ya tambaye ni ɗan gidan wa ne.

Kada ka yarda wani ya kawo maka akwatin sifana daga nan ba ka duba lambobin ba. Amurkawa suna da nasu awon na inci, kuma tsofaffin kayan da ake samu a gwanjon ƙofar gida ranar Asabar yawanci irinsa ne. Rabin inci milimita 12.7 ne, sai ka ga kamar zai yi aikin lamba 13, ya shiga da ƙyar ko ya ƙi. Mai 9/16 kuwa 14.3 ne, yana hawa kan noti 14 da ɗan sako-sako, kana ja ya cinye kan notin ya zama kamar ƙwallo. Mai 3/4 ne kawai zan ce ya yi daidai da 19. Motocin Japan da ke cika garejinka duk milimita ne. Lamba 10 kuma a nan ma ɓata take yi, har barkwanci suke yi da ita, na ce ashe ba yaranmu ne kaɗai ɓarayinta ba.

Sai na'urar karanta ciwon mota, wadda kuke kai mota cikin gari a biya kuɗi a "saka ta a kwamfuta". Tun 1996 doka ta wajabta wa duk motar da za a sayar a Amurka ta zo da wata kafa mai ramuka 16 a ƙarƙashin sitiyari. 'Yar na'urar da ake sokawa a wurin ba ta kai akwatin ashana biyu ba, kuɗinta wajen dala 20, tana magana da waya. Idan wutar cek ta kama sai ta ba ka lamba: P0301 na nufin silinda ta ɗaya ba ta ƙona mai daidai, P0420 na nufin abin tace hayaƙin nan na salansa da kuke kira indomi ya gaza. Amma kada yara su ɗauka boka ce. Unguwar da ciwon yake take nunawa, ba gidan ba. Ta ce silinda ta ɗaya, to filogi ne, ko koyil, ko nozul, ko waya ce ɓera ya ci? Nan kunnenka da hancinka za su yi aiki. Na ga mutane a nan sun sayi kaya uku sun ɗaura saboda lamba guda, ciwon yana nan, abin da kai da ka ji ƙarar injin daga bakin titi za ka faɗa.

Gaskiya a wajen gyara na ainihi mun fi su. A nan ba a gyara altaneta, canzawa ake yi. In ka sayi wata sai su ɗora maka wani kuɗi a sama, ba za a mayar maka ba sai ka kawo tsohuwar, su tura ta masana'anta a sabunta. Haka batir, haka kik. Na ba maƙwabcina labarin mai rewaya da ke zama a kan benci ya warware koyil ya sake naɗa shi da hannu, da mutanen Panteka ta Kaduna da za ka kai musu abin da ya karye su zuba maka irinsa, ya ce shi rabonsa da ganin haka tun yana saurayi. Abin da ya fi kama da kasuwarmu shi ne makabartar motoci. Ka biya 'yan daloli a ƙofa, ka shiga da kayan aikinka da baro, motoci jere a kan tsofaffin rim, ka kwance abin da kake so da kanka. Farashi yana rubuce, madubi madubi ne ko na wace mota, ba ciniki, ba "albarka". Na yi kewar cinikin, wallahi.

Tsatsa ce babbar abokiyar gabata. Lokacin sanyi gishiri ake watsa wa tituna don ƙanƙara ta narke, gishirin nan kuma cin ƙarfe yake yi. Notin da a Kano za ka kwance da hannu ɗaya, a nan sai ka fesa masa mai tun dare, da safe ka gasa shi da wuta, ka yi addu'a, duk da haka ya tsinke. Ka gaya wa masu kawo maka motocin Kwatano su riƙa durƙusawa suna leƙa ƙasa. Wadda ta fito daga jihohin arewa irin tamu fentinta na iya ƙyalli alhali bututun birkinta ya ruɓe. Kuma a nan na gane amfanin tamostat da muke cirewa mu yar da sunan ƙasarmu da zafi: shi ke sa inji ya yi saurin kai zafin da aka ƙera shi ya yi aiki a kai, in babu shi motocin yanzu mai suke ƙara sha. Bakin mai da aka juye ma ba a zubarwa a kwata, a jarka nake mayar wa shagon su karɓa kyauta.

Jakar jirgi kilo 23 ce, don haka ga abin da ke ciki: sifana mai awo biyu, na'urar karanta mota biyu, mitar gwada wuta, soket na milimita masu kusurwa shida don ba sa cin kan noti, tabarau na kare ido guda biyar, da lamba 10 guda shida. Mai zuwa bikin ƙanwar matata ne zai taho da ita bayan sallah. Sifana mai awon nan don Allah a hannunka za ta zauna. Ba a kwance noti da ita, ba a zura mata fayif, in an gama a mayar da lambarta ƙasa kafin a ajiye. Ka gaishe da Umma, ka ce mata yajin ya iso, kuma kwalbar ba ta fashe ba.