Sharhina kan kit ɗin Ford 1932 na Revell da na haɗa da hannuna

Jama'a ga bayanin 'yar motar robar nan da wasu ke ta tambayata a ina na saya. Ba a haɗe ake sayar da ita ba, kit ne na kamfanin Revell, Ford 1932 mai taga biyar, sikeli 1/25, wato an rage girman ainihin motar sau 25, idan ka gama haɗawa za ta zauna a tafin hannunka. Oda na yi ta intanet daga Amurka, kuma gaskiya kuɗin kawowa ya fi yi min ciwo a kan kuɗin kayan, ga dala yadda take, ga masu kawo kayan sun danne kwalin ya lotsa ta gefe ɗaya. Allah ya taimaka ba abin da ya karye a ciki.

Tun daga farko in faɗa, wannan ba abin wasan yara ba ne. Idan ka buɗe kwalin abin da za ka gani farar roba ce, gutsi-gutsi sama da ɗari a maƙale jikin sandunan roba, sai wani reshe mai ƙyalli kamar azurfa, gilasai, tayoyi masu laushi, takardar sitika irin wadda ake jiƙawa a ruwa, da littafin da ke nuna yadda ake haɗawa mataki-mataki. Babu gam babu fenti a ciki, kai za ka nemo.

Dalilin da ya sa na zaɓi wannan motar a cikin duk tsofaffin motocin da ake yi, ita ce uwa a harkar hot rod, wato gyara tsofaffin motoci a ƙara musu ƙarfi da gudu. A 1932 ne Ford ya fito da injin V8, mai silinda takwas, a mota mai araha wadda talaka zai iya saya, injin da ake kira flathead, lita 3.6, ƙarfin doki 65. Da motocin suka tsufa suka yi arha sai samari a kudancin Kalifoniya suka riƙa sayensu suna cire madigadi da duk wani abu mai nauyi, suna ƙara wa injin ƙarfi, su tafi busassun tafkuna irin su Muroc da El Mirage suna gwada gudu. Bayan yaƙin duniya na biyu abin ya ƙara bunƙasa saboda sojoji sun dawo gida da ilimin kanikanci, a 1948 aka fara buga mujallar Hot Rod, a 1951 Wally Parks ya kafa NHRA, ƙungiyar tseren hot rod ta Amurka, don a kwashe tseren daga kan titi a mayar da shi fili mai doka. Har yau masu harkar Deuce suke ce wa ƙirar 1932, kuma duk wanda ya san ta ya san ta da fuskar lagiretonta da kuma wani layi da aka matsa a gefen shasi, don a wannan shekarar shasin a waje yake ana ganinsa. Abu na farko da na duba kenan da na buɗe kwalin, kuma layin nan yana nan ɓaro-ɓaro a jikin ɗan shasin roba, wallahi sai da na ji daɗi a raina.

Amma a sani, abin da ke cikin kwalin ba Ford ɗin da ya fito daga masana'anta ba ne. Wadda aka riga aka gyara ce irin ta zamani, aksul ɗin gaba a lanƙwashe don gaban motar ya sauka ƙasa, birkin gaba na faifai, alhali ta asali birkinta na ganga ne da sanda ke ja. Wanda ke son ta gargajiya zalla sai ya nemi wani kit ɗin. Ni kuwa dama gyararriyar nake so.

Inda na fi yaba musu shi ne zaɓin da suka ba mutum. Kana iya sa mata madigadi cikakke, kana iya barinta tsirara tayoyi a waje, wadda suke kira highboy. Inji ma biyu ne, akwai ƙaramin V8 na Ford akwai kuma Hemi na Chrysler. Na ɗauki Hemi na bar ta ba madigadi ba bonet, saboda ban ga amfanin in ɓata dare da rana a kan inji sannan in rufe shi ba.

To injin nan shi ne daɗin aikin gaba ɗaya. Bulo ɗin gida biyu ne ka haɗa, ka goge layin haɗin da sanfefa mai laushi, ka ɗora kawuna, murafen bawul, kafireto, fanbel, bututun salansa. A Hemi filogi ta tsakiyar murfin bawul yake shiga, huɗu kowane gefe, to sai na ce bari in sa mata wayoyin filogi tunda kit ɗin bai zo da su ba, dama irin wannan ƙarin mai haɗawa ne ke yin abinsa. Na samo tsohuwar wayar iyafis na fere ta na zaro siraran wayoyin ciki, na huda ramuka takwas da ɗan ƙaramin abin huji da ake murzawa da yatsa, kowace waya sai na riƙe ta da hantsaki na ɗiga sufa gulu da bakin tsinken sakace na cusa, sannan na lanƙwasa ta ta kwanta yadda waya ke kwanciya don nauyinta, ta tafi can wajen distiributa. Idan ka bar su a miƙe tsaye ba ya kama da gaske ko kaɗan. Wani kanikan unguwarmu da ya gani ya daɗe yana juya injin a hannunsa yana nuna min wannan kaza ne wannan kaza ne, duk ya gane su. Ni kaina a nan na fahimci yadda giyabos ke haɗuwa da inji da yadda ƙarfi ke bi ta shaf ya isa tayar baya, abin da shekara da shekaru ina tuƙa mota ban taɓa lura da shi sosai ba.

Haɗuwar sassan ta yi kyau ƙwarai, yawanci da ka gwada kafin ka sa gam za ka ji abu ya zauna a mazauninsa. Gaban motar ne ke son haƙuri, sandunan sirara ne kuma masu ƙyalli ne, shi kuwa gam ɗin roba ba ya kama ƙyalli, haka yake a kowane kit, dole ka kankare wurin da reza har farar robar ta fito. Gam ɗin da na yi aiki da shi Tamiya Extra Thin ne, ruwa-ruwa yake, kana haɗa gida biyu ka taɓa da ɗan buroshinsa shi zai bi layin da kansa ya narkar da robar ta zama ɗaya. Gilashi kuwa kar a kusance shi da sufa gulu, tururinsa na sa gilashi ya yi fari fat, farin gam irin na kafintoci ya isa, idan ya bushe ba a ganinsa. Wasu sassan masu ƙyalli na jiƙa su a bilic ɗin wanki ƙyallin ya fita, na sake musu fenti kalar alminiyom, don kafireto na gaske ba ya walƙiya haka.

Yanzu maganar fenti, nan ne duk wanda ke zaune a yankinmu zai sha aiki, kuma wannan ba ruwan kit ɗin, yanayinmu ne. Fentin da aka yi musamman don irin wannan roba wahalar samu yake yi a nan, na gwangwani kuma ba a cika yarda a ɗauko shi a jirgi ba. Sai na koma kan fentin feshi na kasuwa irin wanda masu babur ke saya. Allah ya sa na fara gwadawa a kan ragowar sandunan robar, wani daga ciki yana sauka ya ci robar ta yi yaushi ta tattare. Maganin shi ne faraima tukuna, wato fentin shimfiɗa da ake fara sawa kafin kala, feshi sama-sama daga nesa kamar taƙi ɗaya da rabi, a bari ya bushe, a ƙara, kar a ce za a rufe kalar a tashi ɗaya. Da faraima a ƙasa fentin ya kwanta lafiya.

Sai ƙura. Lokacin hunturu na yi wannan aikin, kuma duk wanda ya san Kano a wannan lokacin ya san ko ka rufe ƙofa da taga sai ta shigo. Ƙwayar ƙura ɗaya a rufin mota mai wannan ƙanƙanta kamar tsakuwa take fitowa. Dabarar da ta yi min aiki, in yayyafa ruwa a ƙasan ɗakin, in fesa da sassafe kafin iska ta tashi, ina gamawa in kife babbar robar abinci a kan bodin in bar shi. Duk da haka sai da 'yan ƙwayoyi suka hau, na bari fentin ya bushe sosai na kusan mako guda sannan na bi da sanfefa mafi laushi da ruwa, na goge da man goge mota, ya dawo yana sheƙi. Da damina kuma wata matsalar ce, laima na sa fentin ya dushe ya yi hazo-hazo, gara a jira rana mai kyau. Baƙi na so yi da farko amma baƙi ba ya ɓoye komai, sai na yi ja mai duhu, shasi baƙi, kujeru kalar ƙasa.

Na ɗan ƙara sauke gaban kaɗan ta hanyar rage wurin da safirin ke zama, don hot rod idan gabanta bai duƙa ba bayanta ya ɗaga da manyan tayoyi to ba ta yi ba a wurina. Tayoyin ma na goge tafinsu da sanfefa ƙyallin sabunta ya tafi suka yi kamar sun taka titi. Sitika kaɗan na sa, ta agogunan dashbod da lamba, ana jiƙa ta a ruwa 'yan daƙiƙu sai ta zame daga takardar, a turo ta da buroshi mai laima, da yatsa tana iya naɗewa.

Wa zan ba shawarar ya saya? Duk mai son mota da ke da natsuwar zama awa biyu a kan abu ɗaya. Mu da muka taso muna ƙera motar kara da ta langa-langa hannunmu ya riga ya saba, kayan aikin ne kawai suka canza. Yaro ɗan ƙasa da shekara goma sha biyu dai sai da babba a kusa, saboda reza da warin gam da fenti, kuma feshi a waje ake yi ko kusa da taga, a rufe hanci. Wanda bai taɓa yi ba zai iya farawa da wannan ɗin idan zai bi littafin a hankali, amma in da hali ya fara da mai sassa kaɗan ya saba da gam da fenti tukuna. Kayan aiki ba sai an kashe kuɗi da yawa ba, abin yanke farce yana cire sassa daga jikin sandunan tsaf, reza, hantsaki, sanfefa, tsinken sakace, sai gam ɗin kirki wanda shi kam a daure a yi odarsa tare da kit ɗin.

Idan an gama a samo mata akwatin gilashi ko na roba mai rufi, kuma kar a ajiye ta inda rana ke bugawa ko cikin mota, zafinmu na iya lanƙwasa robar. Injin Ford ɗin da ya rage da madigadan na adana su a kwalin, don ina neman Ford 1940 na kamfanin AMT in gwada sa mata shi, in Allah ya yarda bayan sallah.