Wanne Fodkas Ya Cancanci Datarka? Zaɓi Tsakanin Masu Bin Diddigin Fatalwa da Camfi

Duk wanda ya yi wayo kafin watan Agustan 2014 zai tuna daren da aka riƙa tashin mutane daga barci da kiran waya, wai a yi wanka da ruwan gishiri a kuma sha, maganin Ebola ne. An kwantar da mutane a asibiti, har aka rasa rai. Tun daga ranar nake neman mutanen da sana'arsu ita ce tambayar "ina hujja?", kuma mafi yawansu a fodkas na same su, wato shirye-shiryen sauti irin na rediyo da ake saurara ta intanet. Sauraro kyauta ne, amma data da lokaci ba kyauta ba ne. Sautin awa guda yakan ci megabait 30 zuwa 60, gwargwadon ingancinsa. Don haka sai a zaɓa da lissafi. Dukkan waɗanda zan ambata daga Amurka suke, kuma da Turanci ake yin su.

Skeptoid shi ne wanda nake fara miƙa wa kowa. Brian Dunning ya fara shi a 2006, yana fita kowane mako, kuma gajere ne. Yakan ɗauki labari guda, ko gidan da aka ce yana da fatalwa ko wani magani da ake kambamawa, ya bi shi har asalinsa: wa ya fara faɗa, a wace shekara, me aka ƙara masa a hanya. Abin da ya fi burge ni shi ne kowane shiri yana da rubutaccen bayaninsa a shafinsu, tare da inda aka samo hujjoji. Wanda Turancin Amurkawa yake masa sauri zai iya karantawa yana saurara, wanda kuma datarsa ta yi ƙasa zai iya karantawa kawai. Akwai abin da ya kamata a sani: Dunning ya amsa laifin zamba ta intanet a 2013 kan harkar tallan eBay, shafin saye da sayarwa na intanet, aka yanke masa ɗaurin wata 15 a 2014. Wasu sun daina sauraronsa saboda haka. Ni dai ban daina ba, domin hujjojinsa a fili suke, kowa na iya bin su ba tare da ya dogara da halin mai magana ba.

The Skeptics' Guide to the Universe ya girme shi, tun 2005 ake yinsa. Jagoransa Steven Novella likitan ƙwaƙwalwa da jijiyoyi ne da ya daɗe yana koyarwa a Jami'ar Yale, yana hira da 'yan'uwansa biyu da wasu abokan aiki. Shirin yakan haura awa ɗaya da rabi, kuma labaran kimiyya na mako sun fi yawa a cikinsa. Idan fatalwa ka zo nema, za ka daɗe kana jira. Sai dai kusa da ƙarshe akwai wasan da ake kawo labarai uku, biyu gaskiya ɗaya ƙarya, kowa ya canka ya faɗi dalilinsa. Ban san wani horo da ya fi wannan koya wa kunne tace magana ba. Ɗalibin likitanci ko na kimiyya, wannan naka ne, in ka samu waifai ka sauke.

MonsterTalk, wanda Blake Smith da Karen Stollznow suke gabatarwa, ya fara a 2009, kuma dodanni ne sana'arsa: Bigfoot (ƙaton dodo mai kama da biri da ake cewa yana dazuzzukan Amurka), dodon tafkin Loch Ness na Sukotland, da makamantansu. Suna gayyato masana dabbobi da na tarihi da na tatsuniya. Irin labarin da ake ji a wannan fage shi ne na shahararren hoton dodon Loch Ness na 1934, wanda a 1994 aka bayyana cewa jirgin ƙarƙashin ruwa na wasan yara ne aka liƙa wa kan bogi. Ingancin shirin yakan bi baƙon da aka samu, don haka a duba sunan baƙo kafin a sauke.

Oh No, Ross and Carrie! daban yake. Ross Blocher da Carrie Poppy sun riƙa shiga ƙungiyoyi da kansu tun 2011, ciki har da Scientology, wata ƙungiyar addini da aka kafa a Amurka, su gwada abin da ake tallatawa a jikinsu, sannan su dawo su ba da labari. Ya tsaya a 2024, amma tsofaffin shirye-shiryen suna nan. Akwai raha da yawa, akwai kuma kalmomin da ba za ka so yara su ji ba, sai da abin saƙalawa a kunne.

Wata magana da ba zan tsallake ba: da yawa daga cikin masu waɗannan shirye-shirye ba su da addini, kuma wani lokaci hakan yakan fito a bakinsu. Musulmi ya yarda da wanzuwar aljanu, amma wannan bai wajabta masa gaskata kowane boka da ya ce yana hira da su ba, ko ihun "an sace min mazakuta" da ya jawo dukan bayin Allah a Abuja a 2023. Hanyar bincikensu ake ɗauka, wadda ba ta yi nisa da umarnin aya ta 6 ta Suratul Hujurat ba, cewa a tantance labari kafin a cutar da mutane. Ta wannan fuska ma Skeptoid ya fi sauƙin zama da shi, domin ya fi tsayawa kan abin da za a iya aunawa.

Batun manhaja, Google Podcasts ya rufe a 2024. Mai Android ya ɗauki AntennaPod, kyauta ce kuma ba ta saka tallanta, tana sauke shiri a ji ba tare da intanet ba. Spotify ma yana aiki a Najeriya tun 2021. Biyan masu shirin kuɗi don cire talla kuwa da dala ake yi, ban ga dalilin gaggawa ba. Ka fara sauke Skeptoid guda biyar kan batutuwan da ka taɓa jin labarinsu, in sun yi maka sai ka matsa zuwa MonsterTalk.