Ɗorawa nan take ko tsarawa tun da wuri: wanne ya fi wa mai atamfa?

Mai shago a Kantin Kwari yana da hanya biyu ta tallata kayansa a intanet. Ta farko kowa ya saba da ita: dila ta iso, a kwance, a ɗauki hoto da waya, a watsa a Status na WhatsApp. Akwai sauri, kuma ban da data ba ta cin ko kwabo. Sai dai Status yana ɓacewa bayan awa 24, kuma waɗanda kuka ajiye lambar juna kaɗai ke gani. Ga gaggawa tana sa a manta farashi, mutum ya wuni yana amsa "nawa ne?"

Ta biyu ita ce a zauna a yi lissafi kafin a wallafa: wa ake nufi, amarya mai haɗa lefe ko ɗan sari daga Maraɗi? Yaushe yake duba waya? Manhajar Meta Business Suite tana ba da damar jera tallan Facebook da Instagram kyauta, kowanne ya fita a lokacin da aka sa masa. A nan ne mai tunani yake tuna cewa kayan Sallah tun kafin azumi ya yi nisa ake tallata su, domin teloli kan daina karɓar ɗinki da wuri. Aibinta ɗaya: talla na iya fita bayan zanen ya ƙare ko farashi ya tashi, kuma mai saye ba ya yafe wannan.

Ni dai na fi karkata ga tsarawa, a bar wa Status sabon kayan da ya sauka yau.