Na haɗa jitar lantarki da hannuna: sharhi kan kayan haɗi da na yi oda

Tun bara mutane ke tambayata wai jitar nan ja da nake kaɗawa a ina na siya, kuma in na ce musu ni na haɗa ta sai su ɗauka wasa nake. To ba sassaƙa ta na yi daga icce ba, kayan haɗi na yi oda daga China, irin wanda ake turo maka komai a warwatse cikin kwali ɗaya kai ka ƙarasa, kuma yanzu da ta kai wajen wata 10 a hannuna ta ga hunturu ta ga bazara ta ga damina, ina ganin zan iya faɗin gaskiyar abin da na gani.

Abin da ya fara sa min sha'awar shi ne labarin Mdou Moctar, makaɗin jita na Nijar, wanda jitarsa ta farko da kansa ya haɗa da katako da wayar birkin keke a matsayin tsirkiya. Na ce in dai yaro a ƙauye zai yi wannan ba tare da kowa ya nuna masa ba, ni da ke zaune a Kano ga kafintoci ga masu gyaran rediyo a ko wane lungu ai ba ni da hujja. Na zaɓi samfurin Telecaster saboda ita ce mafi sauƙin haɗi, tun da Leo Fender, maƙerin jita na Amurka, ya fito da tsarinta a 1950 haka take, gangar jiki shimfiɗaɗɗen katako, wuya a ɗaure shi da sukuru 4, babu gam babu wani lanƙwashe-lanƙwashe.

Kwalin ya iso lafiya bayan sati biyar, kuɗin turowa kuwa ya kusa kamo kuɗin kayan, wannan ku sa shi a lissafi tun farko. A ciki akwai gangar jikin da aka riga aka fafe ramukanta, wuya mai firet 22 (ƙananan sandunan ƙarfe da ke gicciye a kan wuyan) an riga an kafa su, fikof guda biyu (maganaɗisu ne da aka naɗe da siririyar wayar jan ƙarfe, shi ke ɗaukar motsin tsirkiya ya mai da shi lantarki), makunnan ƙara da na sauti, gada (ƙarfen da tsirkiya ke sauka a kai a gangar jiki), maɗauran tsirkiya 6, da ledar sukurori. Abu na farko da na yi tun kafin in taɓa samfefa shi ne awo. Daga inda tsirkiya ke tashi a saman wuya zuwa inda take sauka a kan gada ya kamata ya zama milimita 648, firet na 12 kuma ya faɗo daidai tsakiya wato 324. In wannan awon ya kuskure to ko fentin zinariya ka yi mata ba za ta taɓa daidaituwa ba. Tawa ta fito cif, wuyan ma ya shiga raminsa ɗam ba ya girgiɗi, a nan kam na yaba musu sosai.

Kan wuyan kamar faifan allo yake zuwa, ba a yanka shi ba, kai za ka zana siffar da kake so. Na zana a takarda na kai wa wani dattijon kafinta a unguwarmu, ya juya shi ya sake juyawa ya ce "yaro wannan garayar Turawa ce ko?" na ce eh Baba, ya yanke min tsaf da ƙaramin zarto bai ma yarda ya karɓi kuɗi ba, sai dai ya ce in an gama in kawo ya ji kukanta.

Fenti shi ne inda na sha wuya, kuma shi ne abin da masu sayarwa ba sa faɗa maka, haɗin gaba ɗaya yini biyu ya ishe shi amma fenti ya ci min kusan wata biyu. Da farko niyyata in shafa launin da ke shiga cikin katako don zanen iccen ya fito, sai na tarar sun riga sun shafe jikin da wani siririn abu mai toshe ƙofofin katako, ga kuma ɗigon gam a wajen da aka haɗa fallayen, launin ya kama nan ya ƙi can, ya fito dabbare-dabbare. Dole na koma samfefa, lamba 180 sannan 220 sannan 320, na haƙura da ganin zanen icce na koma fentin gwangwani na fesawa. Kuskurena na biyu lokacin da na zaɓa, watan Disamba, hazo ya sauko. Na rataye ta da waya a tsakar gida na fesa da safe ta yi kyau kamar a lasa, kafin azahar na dawo na shafa hannu sai na ji kamar an barbaɗa mata gero, ƙura ce ta zauna a kan ɗanyen fentin ta bushe a ciki. Wallahi ranar raina ya ɓaci ƙwarai, sati guda ban kalle ta ba.

Wanda ya fitar da ni wani mai fentin mota ne. Ya ce min maigida a wannan iskar ba a fenti a fili, ka kawo cikin ɗaki mu yayyafa ruwa a ƙasa ƙurar ta kwanta. Shi ya fesa mata farar shimfiɗa, ja sau uku, sannan mai ƙyallin nan na sama, ya ce kada in kuskura in taɓa ta sai ta yi sati uku ko da na ji ta bushe a hannu, don cikin bai gama ƙarfi ba. Bayan nan na bi ta da samfefar ruwa 1000, 1500, 2000 sannan man goge mota, sai ga fuskata a jikinta. Wani abu da zan ja kunnenku a kai, lokacin samfefar ruwan ku toshe ramukan sukuru da kakin zuma ko kyandir, ni ban toshe ba ruwa ya shiga ɗaya katakon ya kumbura ya tsaga fentin kaɗan kusa da gada, har yau tabon na nan duk da ba kowa ke lura ba. Wuyan kuma ban yi masa fenti ba, siririn folish ɗin kafintoci na shafa da tsumma sau huɗu, hannu ya fi zamewa a kai in ana zufa.

Kayan lantarkin su ne mafi rauni a kwalin. Wayoyin sirara ne kamar gashi, takardar da ke nuna yadda za a jona su kuma hoton ya dushe ba a gane komai, sai da na kai wa mai gyaran rediyo muka zauna tare ya liƙa da dalma. Makunnan masu lamba 250k ne, daidai da irin wannan fikof ɗin, amma da muka jona a amfilifaya, wato na'urar ƙara sauti, sai wani gurnani zzzzz da ba ya tsayawa sai ka ɗora hannu a ƙarfen jak, wurin da ake soka wayar amfilifaya. Ashe babu wayar da ta haɗa gada da ƙasa, ba su ma huda mata hanya ba. Muka huda muka sa, na kuma shimfiɗe cikin ramukan da takardar alminiyom ta kicin na haɗa ta da wayar ƙasan, gurnanin ya ragu sosai amma bai tafi duka ba, kuma wannan ba laifin kayan ba ne, fikof mai naɗi ɗaya haka halinsa yake, yana jawo ƙugin wutar gida, in an tada janareta ma ya fi. Dan Allah duk mai kaɗawa ya tabbatar soket ɗin amfilifayarsa na da wayar ƙasa mai kyau, tsirkiyar ƙarfe ce kuma tana hannunka, ba abin wasa ba ne.

Tsirkiyar da suka sako na cire na zubar na sa masu lambar kauri 10 zuwa 46. Ɗan farin abin da tsirkiya ke hawa a saman wuya roba ne kuma ya yi tsawo, in ka danna firet na farko sai sautin ya haura, don haka na je wajen mahauta na samo ƙashin ƙafar saniya, na dafa shi na cire maiƙon na shanya, na goge shi da magagari har ya shiga gurbin. Wannan aikin na fi jin daɗinsa a duk haɗin, kuma sautin buɗaɗɗiyar tsirkiya ya ƙara tsawo da kaifi, kunnena ya ji bambancin. Maɗauran kuwa matsakaita ne, biyu a ciki suna da ɗan lako-lako amma suna riƙewa.

Sai kuma abin da hunturu ya yi wa wuyan. A Janairu ina cikin kaɗawa na ja hannu sama sai na ji zafi, na duba gefen yatsana ya yanke. Katakon ne ya tsuke saboda bushewar iska, ƙarfen firet kuwa ba ya tsukewa, sai bakunansu suka leƙo waje kamar haƙoran zarto. Na manna tef a katakon na bi su ɗaya bayan ɗaya da ƙaramin magagari, firet 22 gefe biyu, dare guda na yi a kai. Da damina ta sauka kuma wuyan ya sake motsi tsirkiya ta fara karkarwa a kan firet, na sassauta sandar ƙarfen da ke cikin wuyan kwata ɗin juyi kawai na bar ta ta kwana, ta dawo daidai. Duk wanda ke arewa ya sa a ransa sau biyu a shekara zai yi wannan saitin.

To shin ta biya kuɗinta? In jita mai araha kake nema ka kaɗa gobe, je Sabon Gari ka duba ta hannu, in ka haɗa kuɗin turowa da fenti da samfefa da tsirkiya za ka ga ba ka rage komai ba. Amma in so kake ka san cikin abin da kake kaɗawa, ni dai ban yi da-na-sani ba ko kaɗan, katako da wuya zan ba su 8 cikin 10, lantarki 4. Sautinta a fikof ɗin gada siriri ne mai kaifi, irin wanda ke tafiya da kiɗan Agadez, na kai wa Baba kafinta ya saurara har ya kira maƙwabcinsa.

Ta biyu da nake shiri ba zan sake siyan cikakken kwali ba, wuya kawai zan yi oda da fikof masu kyau. Gangar jikin na riga na siyo falon maɗaci a 'Yan Katako na Na'ibawa, kauri inci biyu don in an fere ya sauka wajen milimita 45, Baba ya ƙwanƙwasa shi ya ce da sauran ruwa a cikinsa, don haka yana can a jingine a zaure sai ya ga wani hunturun, fenti kuma wannan karon sai bayan ruwan farko ya kwantar da ƙura.